Lambar allon shaɗaranji: 18,446,744,073,709,551,615 wace iri ce?

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga aikin wannan makon, kuma don Allah kada a ruga a tambayi waya kafin a gwada da biro.

18,446,744,073,709,551,615

Asalinta sananne ne. Allon shaɗaranji gida 64 gare shi. A sa ƙwayar hatsi 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64, sannan a tattara duka. Abin da za a samu ke nan. Ibn Khallikan ya kawo labarin a ƙarni na 13: mai hikimar da ya ƙago wasan ya roƙi sarki wannan lada, sarki ya raina ta, sai da masu ƙidaya suka zauna sannan aka gane rumbunan ƙasar duka ba za su biya ba. Ni ba labarin ne ya dame ni ba. Tambayata ita ce, wace irin lamba ce? Cika ce ko mara? Firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, ko tana da masu raba ta? In tana da su, su waye, kuma su nawa ne?

Ɗan Mashi:
Wa alaikumus salam. Malam, na zuba 2^64-1, wato 2 guda 64 a ninka su da juna a cire 1, a Excel ya ba ni 18446744073709600000. Cika ce ke nan, tunda da sifili ta ƙare. Taka ta ƙare da 5, tawa da 0. Ɗayanmu dai ya kwafa ba daidai ba, kuma kwamfuta ba ta kwafe.

Injiniya:
An ce kada a tambayi waya, kai ka tafi ga yayarta. Excel ba ya riƙe alƙaluma fiye da 15 na farko. Lambar Malam alƙaluma 20 ce. Biyar na ƙarshe, 51615, ya share su ya cike gurbinsu da sifili, ya kuma ɗaga 5 ɗin da ke gabansu ta koma 6. Kalkuletar da yara ke shiga jarrabawa da ita ma haka take yi, 1.844674407 × 10^19 za ta nuna maka ta yi shiru.

Maman Ikram (Daura):
Wannan ma bai kai a ɗauko na'ura ba. Kowane gida a allon cika ne a cikinsa, 2, 4, 8, 16, har ƙarshe, in ban da gidan farko mai ƙwaya ɗaya. Cika da cika in sun haɗu cika ne. Ka ɗora 1 a kai, mara. Ɗan aji shida na firamare zai ba ka wannan amsar.

Ɗan Mashi:
To Hajiya Malama, ita wannan "cire 1" ɗin daga ina ta fito? Ninkawa ake yi, ban ga inda aka ɗebe komai ba.

Maman Ikram (Daura):
Gwada ƙanana ka gani. Gida biyu: 1 + 2 = 3, saura ɗaya ya cika 4. Gida uku: 1 + 2 + 4 = 7, saura ɗaya ya cika 8. Gida huɗu 15, saura ɗaya ya cika 16. Kullum abin da ka tara a baya yana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Da akwai gida na 65 da 2^64 ne a cikinsa, don haka jimillar 64 ɗin ita ce 2^64 − 1. Kuma ka lura da abin da wannan ke nufi: gida na 64 shi kaɗai yana ɗauke da 9,223,372,036,854,775,808, ya fi sauran gidaje 63 a haɗe.

Alhaji Mai Hatsi (Caranci):
Malamai sannunku da aiki. Ni jikana ya sa ni cikin wanga zaure, ban iya ma waɗannan alƙaluman. Ku faɗa mani da harshen da na sani. In gero ne, buhu nawa ke nan?

Injiniya:
Ranka ya daɗe, sai mun yi ƙiyasi. Mu ɗauka ƙwayar gero 100 ce ke yin giram ɗaya, don lissafi ya yi sauƙi. Kilo ɗaya ƙwaya 100,000 ke nan, buhu mai kilo 100 kuma ƙwaya miliyan 10. In ka raba lambar da miliyan 10 za ka samu buhu tiriliyan 1.8 da ɗoriya, wato tan biliyan 184. Geron da duniya duka ke nomawa a shekara yana wajen tan miliyan 30. Sai an tara noman shekara dubu shida ba a ci ko tsaba ba.

Alhaji Mai Hatsi (Caranci):
Ikon Allah. Amma yaro, gero kala-kala ne, tsabar wani ta fi ta wani, maiwa ma daban take. Kuma ba kowane buhu ke cika kilo ɗari ba, mu da ke awo da tiya mun sani.

Injiniya:
Gaskiya ne Baba. Amma ko ka ce tsabar ta ninka wadda na ɗauka nauyi, ko ta yi rabinta, shekarun ne za su koma dubu goma sha biyu ko dubu uku. Sarkin dai ba ya biya.

Alhaji Mai Hatsi (Caranci):
To mi zai faru in da dararmu ta gida aka yi cinikin? Ita gurbi talatin gare ta, biyar sau shida.

Injiniya:
2^30 − 1 ke nan, 1,073,741,823. A ƙiyasin nan buhu 107 ne.

Alhaji Mai Hatsi (Caranci):
Wannan ko ni ina biya in an yi damina mai kyau. Ashe sarkin allo ne ya cuce shi.

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Alhaji ya taɓo abu mai kyau, daga gurbi 30 zuwa gida 64 ninki biyu ne da kaɗan, amma daga buhu 107 an tafi tiriliyan. Sai dai mu dawo kan hanya. Duk inda aka kawo wannan lambar, a girmanta ake tsayawa, a yi salati a watse. Girmanta shi ne abu mafi ƙarancin daɗi a cikinta. Ni cikinta nake so a buɗe. An ce mara ce. Sai me?

Maman Ikram (Daura):
Ba firam ba ce. Ta ƙare da 5, don haka 5 na raba ta. Na tara alƙalumanta 20 ɗin sun ba ni 87, 87 kuwa 3 × 29 ne, to 3 ma na raba ta. Tara ba ta raba ta, tunda 87 ba ta rabuwa da 9, saura 6 ake samu.

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):
Salamu alaikum. Ni ɗalibin fara'ili ne, da idon rabon gado na dube ta. Da wannan ce dukiyar mamaci da magada sun sha wahala. Ba ta da rabi, ba rubu'i, ba sumuni, ba sudusi, duk saboda mara ce. Sulusi kaɗai ke fita lafiya, 6,148,914,691,236,517,205, sai sulusani. A cikin kasusuwan nan tara da malaman hisabi ke lissafawa, daga rabi zuwa ushuri, biyu kaɗai take bayarwa ba tare da an fasa ƙwaya ba, sulusi da humusi. Ga 2520 'yar ƙarama, amma duka taran suna fita a cikinta, kuma babu wadda ta fi ta ƙanƙanta da ke yin haka. Ku gafarce ni, a wurina 2520 ta fi wannan albarka.

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Allah gafarta Malam, wannan ma rabe-rabe ne, kuma mai kyau. Amma bakwai fa? Ka ce ba ta fita, ta yaya aka sani?

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):
Na raba da hannu, saura 1 ya rage. Ta ci takarda.

Ɗalibar Lissafi (UMYU):
Assalamu alaikum iyayena malamai, a yi mini afuwa in sa baki. Akwai gajeriyar hanya ga bakwai ɗin. 8 in an raba da 7 saura 1, kuma 8 ita ce 2^3. To 2^63 takwas ce aka ninka da kanta sau 21, saurarta 1 ne har yanzu. 2^64 saurarta 2. A cire ɗaya, saura 1, daidai da abin da Malam ya samu. Ma'ana in yau Juma'a ce, bayan kwana 18,446,744,073,709,551,615 Asabar ce.

Amma babbar ƙofar shiga lambar ita ce abin da aka koya mana tun ƙaramar sakandare, a² − b² = (a − b)(a + b). 2^64 murabba'in 2^32 ne, wato 2^32 sau 2^32, 1 kuma murabba'in kansa. Don haka

2^64 − 1 = 4,294,967,295 × 4,294,967,297

Ta farkon 2^32 − 1 ce, ita ma bambancin murabba'i biyu ce, ta rabu 65,535 × 65,537. Sai 65,535 = 255 × 257. Sai 255 = 15 × 17. Sai 15 = 3 × 5. An sauka har ƙasa:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Abin da nake jira ke nan. Lamba mai alƙaluma 20, an kwance ta da dokar da muke rubuta wa yara a allo kowace shekara suna hamma. Kuma dalilin da ya sa ta kwance sumul haka shi ne 64 ana raba ta biyu-biyu har a kai 1: 32, 16, 8, 4, 2, 1. Da allon gida 63 ne ko 65, wannan dokar ba ta ma fara aiki ba.

Yanzu ku dubi waɗannan shidan da kyau. 3 = 2 + 1. 5 = 4 + 1. 17 = 16 + 1. 257 = 256 + 1. 65,537 = 65,536 + 1. Kowace ka cire mata 1, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da 1, ka samu ta gaba. Su ake kira lambobin Fermat. Shi Fermat lauya ne a Faransa, lissafi aikin sha'awa ne gare shi. A 1640 ya duba biyar na farko ya ga duk firam ne, ya ce yana da yaƙinin duk dangin haka suke har abada. Ta shidan ita ce 4,294,967,297 da ke ƙarshen layin ɗalibarmu. Wa zai gaya mana ko Fermat ya yi daidai?

Ɗan Mashi:
Mutum ya ga biyar a jere ai ba laifi ya ce haka ta shida take. Ni ina bayan lauya.

Injiniya:
Lauya ya faɗi a shari'ar. 4,294,967,297 = 641 × 6,700,417. Masanin lissafi Euler ne ya gano a 1732, yana zaune a Rasha lokacin. Kuma abin dariyar, daga wancan lokacin zuwa yau ba a sake samun ko ɗaya a dangin da ta zama firam ba. Biyar ɗin da Fermat ya gani su ne kaɗai aka sani.

Ɗan Mashi:
To shi wannan Euler ɗin zama ya yi yana gwada 7, 11, 13, 19 har ya kai 641? Ba shi da gona?

Ɗalibar Lissafi (UMYU):
Ba sai an bi su duka ba. Euler ya nuna cewa duk firam ɗin da za ta raba 2^32 + 1 dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Jerin shi ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. A cikinsu firam biyar ne kawai: 193, 257, 449, 577, 641. Rabawa biyar, ta biyar ɗin ta shiga.

Akwai kuma hujjar da na fi so, wadda ba a yin doguwar rabawa ko ɗaya. 641 tana da fuska biyu. Ta ɗaya 641 = 5 × 128 + 1, ta biyu 641 = 625 + 16, wato 5^4 + 2^4. In muna lissafin saura bayan rabawa da 641, fuskar farko na cewa 5 × 2^7 daidai yake da −1. A ninka shi da kansa sau huɗu, 5^4 × 2^28 ya zama +1. Fuska ta biyu na cewa 5^4 daidai yake da −2^4. A sa wannan a gurbin wancan, −2^32 ya zama +1. Ma'ana 2^32 + 1 ba ta da saura. Shi ke nan.

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):
Na karanta sau uku kafin ta zauna mani, amma ta zauna. Madalla da wannan yarinya. Kuma tunda an ambaci 1732, kada a manta da namu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi Bakatsine ne, ya tafi hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa, can ya rasu a 1741. Rubutunsa da aka fi sani kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, na shekarar 1732 ne. Yaranmu na wucewa ta gindin Hasumiyar Gobarau kullum ba su taɓa jin sunansa ba, amma sun haddace na Turawa.

Injiniya:
Allah gafarta Malam, girmamawa ta tabbata gare shi, amma kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Shekarar ce kawai ta zo ɗaya. Aikinsa daban, na Euler daban. Na sha ganin ana ɗauko sunansa a Facebook a jingina masa abin da bai yi ba, har da masu cewa shi ya ƙago kwamfuta. Wannan ba karramawa ba ce.

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):
Ban ce sun haɗu ba, Injiniya. Cewa na yi a zamani ɗaya suke, kuma ɗaya an san shi a nan, ɗayan ba a san shi ba, alhali shi ne ɗan gida.

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Ku duka kuna da gaskiya, kuma akwai darasi a tsakaninku da za a iya kaiwa aji. Allon dai ɗaya ne, gida 64. Mai hatimi yana zuba 1, 2, 3, har 64, ya jera su yadda kowane layi zai ba da 260, jimilla 2080. Mai hatsi yana zuba 1, 2, 4, 8. Wancan ƙari yake yi, wannan ninki. A gida na 64 ɗaya yana kan 64, ɗayan yana kan alƙaluma 19. Babin jerin lambobi na SS2 ke nan gaba ɗayansa, a kan allo guda. Kuma da sunan al-Kashinawi za a iya buɗe darasin ba tare da an yi masa ƙarya ba.

Ɗan Mashi:
Duk na ji. Amma WAEC ba ta tambayar 641, NECO ma haka. Aji mai yara fiye da ɗari, rabi ba su iya jadawalin sau ba, manhaja ba ta ƙarewa kafin zango ya ƙare. Ina lokacin wannan nishaɗin? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Maman Ikram (Daura):
WAEC na tambayar bambancin murabba'i biyu kusan kullum, kuma yara na faɗuwa a kai, don ba su taɓa ganin ya yi wani aiki ba sai x da y. Ka ba su 255 ka ce su fasa ta ba tare da rabawa ba. Su ga 256 − 1, su ga 16² − 1², su samu 15 × 17 da kansu. Minti goma ne. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba ya mantawa da dokar. Ba sai ka kai su ga Euler ba.

Sannan akwai abin da ya fi jarrabawa. Masu zuwa unguwanni suna cewa zuba kuɗi, kawo mutum biyu, kowanne ya kawo biyu, za a ninka maka, da wannan lissafin suke cin mutane. A zagaye na 28 ana bukatar sababbin mutane 2^28, wato 268,435,456, sun fi mutanen Najeriya. A na 33 an wuce mutanen duniya. Kuma kamar yadda na faɗa a sama, layin ƙarshe kullum ya fi duk na baya a haɗe. To su ne ba a biya, kuma su ne mafi yawa. Matan da na sani da suka sayar da awaki suka zuba, da an taɓa nuna musu wannan allon a makaranta, da wasunsu sun tsaya sun yi tunani.

Ɗan Mashi:
Kwaɗayi ne ya kai su Hajiya, ba rashin lissafi ba. Akwai masu digiri a ciki.

Maman Ikram (Daura):
Masu digirin ma yawancinsu haddace dokar suka yi suka zubar a takardar jarrabawa.

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
A bar wannan haka kada zaure ya koma majalisa. Mu ƙarasa rabe-raben. Firam bakwai muka samu:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Babu wadda ta maimaitu, don haka babu wani murabba'i da ke raba ta in ban da 1. Ku kwatanta da lambar darar Alhaji, 1,073,741,823 = 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, ita 9 na raba ta. Yawan masu raba tamu kuwa sauƙi ne: kowace firam ko ka ɗauke ta ko ka bar ta, zaɓi biyu sau bakwai, 2^7 = 128. Da 1 da ita kanta a ciki. Lamba mai wannan girman, masu raba ta 128 kacal. 720,720 mai alƙaluma shida tana da 240.

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):
To a rabon magabata fa? Littattafan hisabi na Larabci sun kasa adadi uku: tammi, za'idi, naƙisi. Ka tara masu raba adadi ban da shi kansa. In sun yi daidai da shi tammi ne, kamar 6 da 28. In sun wuce za'idi ne, kamar 12. In sun gaza naƙisi ne, kamar 8. Daga Girkawa abin ya zo, Sabit ibn Ƙurra ya fassara littafin Nikomakus a Bagadaza a ƙarni na 9. Wannan ina ta faɗa? Ba na jin akwai mai tara lambobi 127 a nan.

Ɗalibar Lissafi (UMYU):
Ba sai an tara ba, Allah gafarta Malam. Tunda babu firam ɗin da ta maimaitu, a ƙara wa kowace 1 a raba da ita, sannan a ninka su: 4/3 × 6/5 × 18/17 × 258/257, haka har ta bakwai. Biyun farko sun ba da 1.6, ta uku ta kai shi 1.69, sauran huɗun da ƙyar suka tura shi 1.70. Wannan sakamakon shi ke nuna jimillar masu raba lamba, har da ita kanta, ninki nawa ce na lambar, kuma tammi sai ya kai 2 cif. Don haka naƙisi ce, masu raba ta 127 ɗin a haɗe kusan kashi 70 cikin 100 nata ne. Lambobin mara dama za'idi ba ya yawa a cikinsu, ta farko sai 945. Tammi kuwa har yau ba a samu ko ɗaya mara ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Ƙarin guda ɗaya. Alƙaluma uku na ƙarshe 615 ne, in an raba da 8 saura 7. Duk lambar da ke barin saura 7 haka ba a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, ko uku. Sai huɗu. Huɗun kuwa dole su samu, Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba na samuwa da murabba'i huɗu.

Injiniya:
Mu a wajenmu ba baƙuwa ba ce sam. A lissafin kwamfuta na 0 da 1, ita ce 1 guda 64 a jere, ba sifili ko ɗaya. Ita ce lamba mafi girma da gurbi 64 ke iya ɗauka, ka ƙara mata 1 komai ya koma sifili. Ƙanwarta 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, ita ce iyakar tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa daga farkon 1970, kuma za su cika ranar 19 ga Janairu 2038. Ita wannan ƙanwar firam ce, Euler ɗin dai ya tabbatar a 1772.

Ɗan Mashi:
Na gano dokar ke nan. 31 firam ce, lambarta ta zama firam. 64 ba firam ba ce, tata ta fashe. In na sama firam ne, na ƙasa firam ne.

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Rabin maganarka daidai ne. In na sama ya rabu, lambar dole ta rabu. Amma juyin bai tsaya ba: 11 firam ce, 2^11 − 1 = 2047 = 23 × 89. Irin ramin da lauyanka ya faɗa ke nan. A wannan dangin ne dai ake farautar manyan firam, wadda aka samu a Oktoban 2024 ita ce 2^136,279,841 − 1, alƙaluma 41,024,320.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma ba wanda ya tambaya. Duk mun karɓi 6,700,417 a matsayin firam don Injiniya ya faɗa. Wa ya duba? In ta rabu, 128 ɗina ya rushe, naƙisin ɗalibarmu ma sai an sake shi.

Injiniya:
Malam in sa a kwamfuta, daƙiƙa ɗaya ce.

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
Da biro.

Maman Ikram (Daura):
2589 × 2589 ya wuce ta, don haka in tana da mai raba ta, akwai ɗaya ƙasa da 2589. Amma firam ɗin da ke ƙasa da nan sun fi 370. Ni ina da makin yara da zan yi.

Ɗalibar Lissafi (UMYU):
Mama ba su kai haka ba. Duk mai raba 6,700,417 yana raba 2^32 + 1, don haka dokar Euler na kansa. Lucas ma ya ƙara matse ta daga baya, ya nuna ninkin 128 ne da ƙarin 1, ba 64 kawai ba. Daga 129 zuwa 2561 guda 20 ne. Na tace su, firam biyar suka rage: 257, 641, 769, 1153, 1409. Na raba:

da 257, saura 170
da 641, saura 44
da 769, saura 120
da 1153, saura 334
da 1409, saura 622

Babu wadda ta shiga. Firam ce.

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):
Na bi ta 769 da ta 1409 da hannuna, haka suke.

Ɗan Mashi:
To in allo biyu aka haɗa, gida 128?

Malamin Lissafi (Ƙofar Sauri):
2^128 − 1 ita ce tamu sau 2^64 + 1. Firam bakwai ɗin nan duk suna ciki, sai sabuwar baƙuwa 18,446,744,073,709,551,617, wadda ta fi tamu da 2 kacal. Ita ma ta rabu, 274,177 × 67,280,421,310,721, Landry ya buga wannan a 1880. Masu raba ta ninkin 256 ne da ƙarin 1, kuma 274,177 = 256 × 1071 + 1, wato ita ce ta 1071 a jerin. Wannan kam na yarda Injiniya ya kunna na'urarsa.